Muhawara: A gwanjon tsofaffin taraktoci, mai sabon fenti ko mai tsatsarta?

Alhaji Ɗanladi: Ni dai ra'ayina, duk wanda zai sayi tsohuwar tarakta a gwanjon Ingila, irin na kamfanin gwanjo na Cheffins da ake yi kusa da garin Ely, ya nemi wadda aka gama gyarawa aka yi wa fenti. Ɗauki Ferguson TE20, 'yar tokar nan da aka ƙera a Coventry daga 1946 zuwa 1956. Sama da dubu 500 aka yi, don haka ba ta tsada. Ka sayi matacciya, ka zuba mata tayoyi huɗu, kulochi, lagireto da aikin inji, sai ka tarar ka kashe fiye da abin da za ta yi a kasuwa. Bari wani ya ɗauki wannan asarar.

Injiniya Rabi'u: Ranka ya daɗe, lissafinka daidai ne idan gyaran na gaskiya ne. Amma sau da yawa fentin kyan ɗan maciji ne. TE20 tana da hannun silinda, wato bututun da fistan ke kai-komo a ciki, da ruwa ke zagayawa, da hatimi a gindinsa. In hatimin ya mutu, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Zaro sandar awon mai: ka ga ya yi fari-fari kamar kindirmo, to akwai magana. Sannan a ƙasar sanyi, ruwan da aka bari a inji yakan daskare ya tsaga gangar injin. Ana yi masa walda, a shafe da foti, a fesa fenti. A mai tsatsa tsagar a fili take.

Malam Habu: Ƙari a kan na Injiniya: a je ranar duba kaya da maganaɗisu. Inda bai kama ba a gangar injin, foti ne. A taɓa injin kafin a tayar. In da ɗumi, an riga an ɗumama shi don ɓoye wuyar tashi. Wannan ya fi shafar Massey Ferguson 35 ta dizal mai silinda huɗu, wadda aka sani da gardamar tashi da sanyin safiya. Mai silinda uku da injin Perkins ba ta da wannan hali. Sai a ɗaga hannayen baya da nauyi a kansu, a kashe inji. In suka sauko nan take, akwai yoyo a cikin na'urar ɗagawa.

Alhaji Ɗanladi: Duk na ji, Malam. Amma wa zai kai tsatsa wajen baje koli?

Hajiya Ladi: Masu tarawa kuwa suna kaiwa, Alhaji, har suna alfahari. Fentin kamfani sau ɗaya ake samunsa. Ka goge shi, ya tafi ke nan. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin irin da tarihinta. Taraktar Ivel ta 1903 da Cheffins suka sayar a 2019 ta kai fam 328,600, domin kaɗan ne suka rage a duniya. A duba farantin lambar da ke jiki, a gwada da takardun rajista. Kuma a tuna bayan an buga guduma akwai kamashon masu gwanjo da kuɗin ɗauko ta.

Injiniya Rabi'u: A injin tururi ma, Hajiya, irin su Burrell, Fowler ko Aveling & Porter, gardamar fenti ba ta taso ba. Tukunyar da ke dafa ruwa ya zama tururi ita ce injin. A nemi rahoton mai binciken tukunya: kaurin farantin ƙarfe nawa ya rage, yaya akwatin wuta yake, sandunan da ke riƙe bangonsa sun cinye ko suna nan, bututan hayaƙi suna zuba? Ana cika tukunyar da ruwa a matsa ta har ninki ɗaya da rabi na ƙarfin aikinta. Ruwa ake sawa don in ta gaza tsiyaya za ta yi, tururi kuwa fashewa yake. Babu wannan takarda, cinikin biri a sama ne, kuma sabon akwatin wuta aikin watanni ne.

Alhaji Ɗanladi: A tururi na sallama. A TE20 ina nan kan bakana, sai dai na ƙara sharaɗi: mai sayarwa ya kawo rasiɗan kayan da ya saya da hotunan injin a buɗe.

Malam Habu: Da hoton gangar injin kafin fenti, Alhaji, ta gefe biyu.