Yaya zan taimaki ɗalibar da ta karaya bayan faɗuwa jarrabawa?

Malamar Aji Biyar:
Assalamu alaikum. Ina da wata ɗaliba da ta faɗi jarrabawar lissafi a zangon da ya wuce, kuma tun daga ranar ta koma bencin baya, ta daina ɗaga hannu, in na kira sunanta sai ta sunkuyar da kai tana murɗa bakin hijabinta. Na ji labarin wani reshe na ilimin halayyar ɗan'adam da ke mai da hankali kan gina ƙarfin zuciyar yaro. Ko akwai wanda ya gwada shi a aji?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam, Malama. Martin Seligman ne ya ɗaukaka wannan fanni, wanda ake kira positive psychology da Turanci, a 1998, lokacin da yake shugabancin ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka, kuma a 2008 ya je makarantar Geelong Grammar ta Ostireliya ya horar da malamanta. Abin da zai amfane ki shi ne tushen shirin koyar da juriya na Jami'ar Pennsylvania, wato maganar da yaro ke faɗa wa kansa bayan ya faɗi ita ce ke ƙara karya shi. Idan ta ce ita daƙiƙiya ce, ki zauna da ita da takardar jarrabawar, ki fara nuna mata tambayoyin da ta ci, sannan ku gano inda ta kakare, domin mai yiwuwa rabawa ce kaɗai ta gagare ta.

Uwar Ɗalibai:
Ina roƙon malamai su daina kiran yaro jaki a gaban 'yan ajinsu, domin ɗana ya shekara yana ƙin makaranta saboda wannan kalma. Binciken Carol Dweck, masaniyar halayyar ɗan'adam, ya nuna cewa yaran da aka yaba wa ƙoƙarinsu sun fi jure wa aiki mai wuya fiye da waɗanda aka yaba wa kaifin basirarsu.

Malamin Sakandare:
Kada dai mu ɗora wa tsarin abin da ya fi ƙarfinsa. An gwada shirin na Jami'ar Pennsylvania a wasu makarantun Ingila daga 2007, amfanin ya zo kaɗan kuma bai daɗe ba. Ki bincika ko tana karya kumallo kafin ta fito, da kuma halin da ake ciki a gidansu.

Malamar Aji Biyar:
Na gode ƙwarai. Gobe da tara zan zauna da ita da takardarta, kuma zan nemi ganin mahaifiyarta.