Ƙuraje bayan allurar wata tara: allurar ce ta kawo dusa?

Daga zauren dangi na WhatsApp, Tawa

Maman Auta: Salamu alaikum. Yau kwana 8 da na kai Auta gidan likita aka yi mai allurar wata tara. Jiya jikinshi ya yi zafi, da safen nan ina mai wanka sai ga ƙuraje ja ƙanana a ƙirji da baya, kamar an watsa gero. Yana shan nono, amma hankalina ya tashi.

Kawu: Subhanallahi. Na sha faɗa muku, ciwon ne da kanshi suke ɗura wa yara. Ɗan maƙwabcina bara, kwana uku da allura dusa ta kwantar da shi, ido ya rufe.

Anti Majo: Kawu, a yi mani haƙuri, gaskiyarku rabi ce. I, akwai ƙwayar ƙyanda, wato dusa, cikin allurar, amma an karya mata ƙarfi. Jiki ke koyon yaƙi da ita, shi ya sa wasu yara ke zazzaɓi tsakanin kwana 7 da 12, kaɗan daga ciki har da ƙuraje. Kwana biyu ko uku sun baje, kuma yaron ba ya shafa wa kowa.

Kawu: To ɗan maƙwabcin nawa fa, ɗiyata?

Anti Majo: Kwana ukun nan da kuka ce shi ne amsar. Dusa na kwana 10 zuwa 14 a jiki kafin ta fito, ke nan ya riga ya ɗauka kafin a kai shi. Da bazara haka take yawo gida gida.

Inna: Ni na binne biyu saboda dusa tun ba a san allura ba a ƙauyenmu. Kada wanda ya hana jikana allurar dusa ta biyu.

Kawu: Allah ya ji ƙansu, Yaya. Amma ni dai sai likita ya gani da idonshi.

Anti Majo: Nan kam mun haɗu. Maman Auta, duba min: akwai tari, majina, jan ido? Ƙurajen daga bayan kunne da fuska suka faro suna gangarowa? In haka ne, ko ya ƙi nono, ko numfashi na sama sama, ko ya sanƙame, kada ki jira gobe. Kuma ban da shafa toka ko kanwa.

Maman Auta: Babu tari, idonshi fari tas. Amma zan kai shi bayan azahar da katinshi.

Kawu: Ki jira ni, ni zan kai ku a babur.