Na tsinci ɗiyar mussa bayan ruhewa, uwar ta mutu, ƙaƙa zan yi ta rayu?

Ɗan Wurno:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin kiwon mussa ku taimaka min da shawara cikin gaggawa. Muna wani ƙauye ne kusa da Wurno, akwai wata mussa da ke yawo tsakanin gidanmu da na maƙwabta, kowa na ba ta abin da ya samu, to jiya da sahe anka iske ta bakin hanya ɗan kabu-kabu ya take ta ta mutu. Da marece yara sunka ji kuka cikin karan dawa da munka tara bayan ruhewa, da anka ɗaga sai ga ɗiya biyu, guda ta riga ta mutu, gudar tana da rai amma jikinta sanyi ƙalau. Idonta ya buɗe amma shuɗi-shuɗi ne, kunnuwan ba su miƙe ba, in ta tashi tahiya sai ta rinƙa tangaɗi tana faɗuwa, baki ba haƙori sai ɗan tsini-tsini. Inna ta naɗe ta cikin tsohon zane ta aje kusa da murhu, to har yanzu dai tana numfashi tana kuka. Muna da nonon shanu da Hillani ke kawowa, kuma jar akuyarmu ta haihu kwanan nan tana da nono sosai. Wanne za a ba ta, kuma da mi? Wallahi ina son ta rayu, kusa, wato ɓeraye, sun ishe mu ga hatsi, kuma ko ba don wannan ba tausayinta nike ji.

Maman Yara Mabera:

Wa alaikumus salam. Allah sarki, Allah Ya ba ku lada kai da Inna. Ƙanena abu na farko kada ka ba ta komai in jikinta na da sanyi, sai ta ɗumama tukuna, don cikin ɗan kyanwa mai sanyi ba ya narkar da nono. Sa ta cikin rigarka ta ji ɗumin jikinka, ko ka zuba ruwan ɗumi cikin gorar roba ka naɗe da tsumma ka aje gefenta cikin kwali, ka bar mata wurin da za ta matsa in zafi ya yi mata yawa. Sanyin hunturun nan da asuba shi ke kashe su tun kafin yunwa. Kada dai a kai kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa, wannan ku ma kanku haɗari ne gare ku.

Nonon akuya ka ba ta, na shanu yana sa su zawo, kuma zawo ga ɗan wannan halittar kwana ɗaya ya isa. A tafasa shi a bari ya huce, ka ɗiga a bayan hannunka ka ji ɗumi-ɗumi. Je kemis ka sayi sirinji ƙarami ka cire allurar, da shi za ka rinƙa ɗiga mata a gefen baki kaɗan-kaɗan. Kuma ta kwanta rub da ciki kamar yadda take shan nonon uwarta, kar ka kwantar da ita rigingine, nonon zai wuce mata huhu.

Ɗalibin Likitan Dabbobi:

Duk abin da Hajiya ta faɗa haka yake, bari in ɗora a kai. Bisa yadda ka kwatanta, shekarunta ba za su wuce sati 2 zuwa 3 ba, don idonsu yana buɗewa ne tsakanin kwana 7 zuwa 14, haƙoran gaba kuma suna fara tsirowa wajen sati na 2 zuwa na 3. Shuɗin idon ba cuta ba ne, duk haka ake haihuwarsu, sai wajen sati 6 zuwa 7 launin zai fara juyawa. A wannan lokacin tana buƙatar nono kamar kowane awa 3 zuwa 4 har cikin dare, kowane shan kamar mil 5 zuwa 8, akwai lambobin a jikin sirinji za ka gani. Gara kaɗan sau da yawa da ka ɗura mata da yawa lokaci guda. In ka ga nono na fitowa ta hanci ka dakata nan take. Gaskiya nonon akuya bai kai na uwarta maiƙo da gina jiki ba, akwai madarar gari ta musamman da ake yi wa 'ya'yan kyanwa amma samunta a nan da wuya kuma da tsada, shi ya sa ake kaɗa ɗan kwaiduwar ƙwai a cikin na akuyar, kwaiduwa kaɗai ban da farin. Abin da ya rage kar a bar shi ya kwana, a dama sabo.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba kuma shi ke kashe marayun kyanwa: a wannan shekarun ba ta iya fitsari ko kashi da kanta. Uwar ce ke lasar mata gindi bayan ta sha nono sannan ya fito. Yanzu kai ne uwar, don haka duk bayan shan nono ka jiƙa auduga ko tsumma mai laushi da ruwan ɗumi ka rinƙa shafa mata ƙasan wutsiya a hankali, za ka ga fitsari ya ɗigo, kashi kuma kamar sau ɗaya a rana. Ka ci gaba da haka har ta kai sati 3 zuwa 4. In fitsarin ya yi ja-ja ko rawaya sosai ruwa ya yi ƙaranci a jikinta. In akwai sikeli a shagon garinku ka rinƙa ɗora ta, lafiyayya tana ƙara kamar giram 100 a sati, in nauyi ya tsaya ko yana raguwa akwai matsala.

Sai abubuwan da nake roƙonka da girman Allah ka kiyaye, don na san gidan manomi ba ya rasa su. Kar a ba ta farasitamol ko kaɗan, hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe babbar kyanwa balle wannan. Kar a fesa mata fiya-fiya ko maganin feshin gona ko na kaskar shanu don kashe ƙuma, ta fata yake shiga, kuma za ta lashe. In tana da ƙuma, kuma mai yiwuwa tana da su tunda cikin kara aka same ta, ka sa matsefi mai ƙananan haƙora ka taje ta kana jefa su cikin ruwan sabulu, don ƙuma na iya shanye jinin ɗan kyanwa har dasashinta ya yi fari. Sai albasa da tafarnuwa, ku da ke yankin Wurno da Goronyo ba sai an gaya muku yawansu a gida ba, to duka biyun suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, ɗanye ko dafaffe, don haka in ta girma ban da zuba mata ragowar miya.

Dattijon Achida:

Yaro, sannu da ƙoƙari. Mu da munka tashi ƙauye ba mu san sirinji ba, tsumma aka tsomawa cikin nono a matsa ma ɗiyar a baki, kuma wasu sun rayu, amma gaskiya da yawa ba su rayu ba, don haka bi maganar ɗan likitan ga. Shawarata guda ta, ka bincika cikin gari ko akwai mussa mai shayarwa. In an samu, a shafa ma marainiyar tsumman da ɗiyanta ka kwana bisa, a aje ta cikinsu lokacin da uwar ta hita, sau da yawa tana karɓa, kuma wannan ya hi duk wata dabara. A dai tsaya a gani da ido, in ta yi mata gurnani a ɗauke.

Kuma in wani ya ce maka kiwon mussa, musamman baƙa, yana jawo wani abu, kada ka saurare shi, camhi na. Annabi (SAW) ya ce ba najasa ba ta, tana cikin masu kewayawa tsakaninmu, hadisin na cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, shi ya sa ruwan da ta sha ana alwala da shi. Kuma kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta don ta ɗaure mussa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. To tunda ka ɗauka ta zama amana wuyanka. Ka kula da shirwa, tana ɗaukar su tsakar gida yadda taka ɗaukar ɗiyan kaji, kuma muzurun waje na kashe ƙanana. Ɗaki za ta zauna sai ta yi ƙwari.

Ɗan Wurno:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Hajiya da Malam likita, Allah Shi saka da alheri. Ta sha nonon akuya da sirinji, kuma da na shafa mata tsumma fitsari ya hito kamar yadda kunka ce, Inna ma mamaki ya kama ta. An tambaya cikin gari ba a samu mai shayarwa ba. Sauran tambayata, yaushe za ta hwara cin abinci, kuma mi za a ba ta tunda mu tuwo da hura muke ci? Sannan matar yayana na da ciki, wasu sun ce mussa na cutar da mai ciki, hankalinta ya tashi.

Ɗalibin Likitan Dabbobi:

Alhamdulillah, madalla. Daga sati 4 ka fara zuba mata nonon a faranti marar zurfi tana lasa, sai ka rinƙa marmasa dafaffen kifi ko nama ko ƙwai a ciki ya yi ruwa-ruwa, a cire ƙaya tsaf, ba gishiri ba yaji ba magi. Zuwa sati 7 ko 8 ta bar sirinji gaba ɗaya. Maganar tuwo kuwa, za ta ci in yunwa ta matsa mata, amma kyanwa maciyar nama ce, akwai wani sinadari da ake kira taurin wanda sai a nama da kifi take samunsa, in ta daɗe ba ta samu ba ido na mutuwa zuciya ta lalace. Ba sai ka kashe kuɗi da yawa ba, kayan cikin kaza in an yanka, ɗan abin da mahauci ya rage ranar kasuwa, ƙananan kifin da masunta ke kamawa a gulbin Rima, duk sun wadatar in an dafa. Kuma kar a ce a bar ta da yunwa don ta fi kama ɓera, wannan ba gaskiya ba ne, ƙoshasshiya ce ta fi iya farauta. Daga ranar da ta fara zagaya gida a daina sa shinkafar ɓera kwata-kwata, in ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma ta tafi. Ruwa mai tsabta kullum a inuwa, musamman in bazara ta shigo, ka san zafin Sakkwato a watan Afrilu yana wuce digiri 40.

Wajen kashi, samu tsohuwar tasa ka cika da rairayi ka aje a lungu, bayan ta ci abinci ka ɗora ta a kai, da kanta za ta tona ta binne.

Game da matar Yaya, akwai ƙamshin gaskiya a maganar amma ba ta kai a kori kyanwa ba. Wata ƙwayar cuta ce da ke fita a kashin kyanwa, tana iya taɓa ɗan da ke ciki in mace ta kamu lokacin goyon cikin. Maganin abin shi ne kar ita ta kwashe kashin, wani ya rinƙa zubar da rairayin kullum don ƙwayar sai ta kwana ɗaya ko fiye a waje kafin ta iya kama mutum, a wanke hannu da sabulu, a rufe abinci. Ana ma ɗaukar cutar ta naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba, to ta kula da waɗannan ma.

Maganin tsutsar ciki kusan dole ne, don suna ɗauka tun daga nonon uwa, alamarsa ciki ya kumbura jiki ya rame. Amma kar ka auna da ka daga na tumaki, kai ta wajen malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ya auna nauyinta. In ta cika wata 3 a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, kyanwa ma na kamuwa kuma tana sa wa mutum. In ka shigo birnin Sakkwato akwai asibitin dabbobi na jiha, akwai kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, can za su duba maka ko mace ce ko namiji, don mace na iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, cikin nata kuma kwana 63 zuwa 65 ne kawai, sai ka yanke shawara ko za a yi mata aikin hana haihuwa.

Maman Yara Mabera:

Ƙarin abu ɗaya ƙanena, ja wa yaran gidan kunne. Su taɓa ta su yi wasa da ita a hankali, hakan ma yana da kyau don wadda ta saba da hannun mutane tun tana ƙarama ba ta zama mai gudu da yaƙushi, amma ban da ɗaga ta ta wutsiya, ban da ɗaura mata igiya a wuya, ban da wanka da ruwan randa. In ta ɓaci a goge ta da tsumma mai ɗumi a busar. In ka ga gashinta na zubewa zagaye-zagaye to makero ne, yara na ɗauka, a raba su da ita a nemi magani. In kuma ta ciji wani ko ta yaƙushe shi har jini ya fito kafin a yi mata allurar nan, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 sannan a wuce asibiti a gaya musu ba a san tarihin uwarta ba. Ka gaida Inna, ka ce ta rinƙa tashinka in lokacin nonon dare ya yi.