"Alheri danƙo ne": har da alherin mugu?

Ɗalibin Tarihi: Salamu alaikum. Ana cewa "alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza." To idan azzalumi ne ya yi alherin fa? Misalina Al Capone, ƙasurgumin ɗan ta'addan Chicago. A watan Nuwamba 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, ya buɗe gidan ciyar da marasa aikin yi kyauta, sau uku a rana. Mutumin da ake alaƙantawa da kashe mutum 7 rana ɗaya a 1929. Karin maganar ta hau kansa?

Dattijo: Wa alaikumus salam. Yaro, ka ɗauko rigar da ba tasa ba. Tasa ita ce "don tuwon gobe ake wanke tukunya." Hukuma na farautarsa, sunansa ya ɓaci a jaridu, yana neman talakawa su tsaya masa. Bai ma tsira ba, a 1931 aka yanke masa shekara 11 kan ƙin biyan haraji. Ina danƙon?

Uwar Biyu: Baba, a gafarce ni. Wanda ya kwana biyu bai ci ba, ya samu abinci mai zafi cikin sanyin Chicago, ruwansa da niyyar Capone? Ya ƙoshi, 'ya'yansa sun ga ubansu ya dawo da ƙafarsa. A wurinsa abin bai faɗi banza ba.

Dattijo: Hajiya, ai karin maganar kan mai yi take, ba kan mai karɓa ba. Nufinta abin da ka shuka zai dawo maka.

Malamin Aji: Ni a ganina akwai labarin da ya fi dacewa, sai dai ana karanta shi a baibai. Eduard Bloch likita ne Bayahude a Linz, ƙasar Ostiriya. Shi ya yi jinyar Klara, mahaifiyar Hitler, da ta kamu da sankarar mama har ta rasu a Disamba 1907. Ya san iyalin ba su da ƙarfi, yana rage musu kuɗi, wani lokaci ma bai karɓa. Hitler yana ɗan shekara 18 ya yi masa godiya, daga baya har kati ya aiko masa. Da Jamus ta haɗiye Ostiriya a 1938, aka sa 'yan Gestapo, wato 'yan sandan ciki na gwamnatin Hitler, su kare Bloch maimakon su kama shi, ya zauna a gidansa har ya fita zuwa Amurka a 1940. Mutane na cewa "ka ga, Hitler ma yana da tausayi." A'a. Alherin na likita ne, shi ya manne shekara 30 har ya biyo shi. Abin da Hitler ya yi biyan bashi ne ga mutum ɗaya, alhali gwamnatinsa ta hallaka Yahudawa kusan miliyan 6, cikinsu da likitocin da su ma sun yi jinyar iyayen wasu.

Ɗalibin Tarihi: Malam, wannan ta shige ni. Amma Pablo Escobar fa, babban dillalin hodar ibilis na ƙasar Kolombiya? Ya gina wa mutanen da ke zaune a juji a birnin Medellin ɗaruruwan gidaje, har yau unguwar da sunansa ake kiranta. Da aka kashe shi a 1993 dubbai suka raka gawarsa, shi da ya sa aka tarwatsa jirgin saman kamfanin Avianca da mutum 107 a 1989. Nan kam danƙon ya kama.

Malamin Aji: Ya kama, shi ya sa nake tsoron ta a bakin wasu. Karin maganar ta faɗi yadda mutane suke, ba sa manta wanda ya share musu hawaye. Ba ta ce alheri sabulu ba ne. Escobar ya san haka sarai, kyautata wa talakawa da yake yi ya taimaka masa shiga majalisa a 1982.

Dattijo: Hali zanen dutse. Ni dai ba zan yi wa ɗayansu wannan karin magana ba sai likitan.

Uwar Biyu: To Baba, matar da aka ɗauke ta daga juji aka ba ta ɗaki da famfo, ta tsine masa ko ta gode?

Dattijo: Ta gode, haƙƙinta ne. Amma kada ta yi a gaban uwar wanda ke cikin jirgin nan.

Uwar Biyu: Idan kuma su biyun maƙwabta ne fa?