Bakin kasuwa ya yi sanyi, a hana moto shiga ko a bari?

Mai Atamfa:
Salamu alaikum ƴan uwa. Yau Litinin ranar kasuwa nan Maraɗi amma tun sahe nike zamne ina korar ƙuda, abin ya ishe ni shi ya sa na rubuta wanga, mai iyawa ya amsa.

Da sunan Allah ni ka farawa,
In koka halin bakin kasuwa.

Da, kan in buɗe ƙyauren shago,
Masu saye sun riga ni zuwa.

Yau turmi guda kaɗai na saida,
Ƙura ce kawai ke shigowa.

Moto da adaidaita sun tare ƙofa,
Hon da hayaƙi ba su ƙarewa.

Tsohuwa ta zo ba wurin sa ƙafa,
Ta juya, har yau ba ta komowa.

A rufe layin ga ga duk mai inji,
Mai ƙafa shi taka ba tsoron bugewa.

Ɗan Kabu-kabu:
Alhaji sannu da kuka, amma ka taɓo abincinmu. Karɓi taka da zafinta.

Alhaji, tsada ta kori mutane,
Ba hon ɗina ba, bar ruɗewa.

Wa ke ɗauko Hajiya daga unguwar Zariya,
Shi aje ta gabanka tana zaɓawa?

Watan Afrilu kwalta na ƙuna,
Takalmin roba har shina narkewa.

In ka hana ni shiga layinka,
Da rana tsaka wa za shi takowa?

Hajiya ta Ali Ɗan Sofo:
Ku biyu ku matsa in wuce.

Kun bar jaki kuna dukan taiki,
Kasuwa ta taso ta shigo ɗaki.

Hoton leshi in sa a WhatsApp,
Kan la'asar an gama ciniki.

Ba haya, ba fatanti, ba ƙura,
Yaro shi kai kaya gidan biki.

Gari ya yi faɗi, ko'ina shago,
Wa za shi tsakiya don sabulun wanki?

Ɗan Kabu-kabu:
Allah ja kwana Hajiya!! Wanga baiti na sabulun wanki ya gama magana, Alhaji sai ka naɗe tabarma.

Mushe:
Ni waƙa ba ta zo mani da sauri, bari in sa baki da zance tukuna. Abin da Alhaji ke nema an taɓa yin shi, a Kopenhagen ta ƙasar Denmak sun hana mota shiga babban layin shagunansu a 1962, ƴan kasuwar da farko sun ƙi sun ce za a kashe masu ciniki, daga baya layin ya cika da jama'a har anka ƙara wasu layuka. Amma can akwai bas da jirgin ƙasa da keke masu kawo mutum kusa da wurin, kuma ranarsu ba irin tamu ba ce. Wannan ɗan kabu-kabu ya yi gaskiya a kai.

Direban Ɗan Isa:
Mushe bar mu da Turai don Allah. Ni da nike bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina na ga abin da idona. Najeriya ta rufe iyaka watan Agusta 2019 sai Disamba 2020 anka buɗe, ba mu gama miƙewa ba anka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har Maris 2024, ga naira ta faɗi, Bakatsinen da ke zuwa shi kwashi kaya yanzu in ya canza kuɗɗinshi sefa kaɗan za a miƙo mai, to da mi zai saya?

Maraɗi da Katsina hanta da jini ne,
Ciwon layinku shina can iyaka.

Baƙon da ke cika maku aljihu,
Naira ta faɗi ta bar shi da jaka.

Ko kun share layin kun shimfiɗa darduma kun hana ko keke wucewa,
Marar kuɗɗi ba shi zuwa, ba shakka.

Ku roƙi Allah dogon Kano shi iso,
Shi ne maganin wanga kuka.

Dogon jirgin da anka aza tubalinshi a 2021 nike nufi.

Malam na Limanci:
Direba maganarka akwai ma'ana amma baitinka na ukku ɗangon farko ya miƙe kamar tirela, gaɓa ta haura ashirin alhali ƴan uwanshi ba su wuce sha ukku ba, wannan ba kari ba ne. Ke kuma Hajiya, mai gida ya buɗe da amsa-amon "wa", wanda ya bi shi ya riƙe, ke kin zo kin koma "ki". A musaya ana bin sawun wanda ya fara.

Hajiya ta Ali Ɗan Sofo:
Malam kai da ba ka kawo ko ɗango ba,
Ka zamna gefe kana auna aiki.

Mai ƙirga gaɓa shi fito fili,
Mu ga nashi zane, mu bar mamaki.

Ɗan Bagalam:
A'a Hajiya ki girmama Malam, gaskiya ya faɗa. Waƙa in ba kari sunanta zance. Limanci gidan karatu ne ba a ja da su a nan.

Ɗan Kabu-kabu:
Kai Ɗan Bagalam kullum ƴan cikin tsohon gari kuke ɗaure wa juna gindi. Direba ya faɗi abin da ke cin kowa, ku kuna ƙirgan gaɓa da yatsu.

Malam na Limanci:
To ga nawa, kuma na koma kan sawun mai gida.

Ɗiyata, awo adon waƙa ne,
Gini ba igiya shina karkacewa.

Direba ya ɗora lodi ya wuce kima,
Motar baiti tana tangaɗawa.

Direban Ɗan Isa:
Malam lodin ya yi yawa don abin da ke raina ya yi yawa. Ba ni rage ko gaɓa guda.

Ɗan Bagalam:
To ka ji, shi ke nan kowa shi zuba abin da ya ga dama a kira shi waƙa.

Baba Tsoho:
Sai yau jikana ya karanta mani wanga, kwana biyu ke nan da farawarku. Ƴaƴana, garin ga kanshi tasowa ya yi, ruwan Gulbi ya ci tsohon wuri a 1945 anka hawo tudu, kasuwa ta bi mutane. Kuma cikin rumfuna tun asali da ƙafa ake shiga, kaya a kai ko a baro, to mi ne sabo a ciki.

Kasuwa ƙafa gare ta, ɗana,
Inda mutane sunka nufa take zuwa.

Iyakar abin da na iya ke nan, Malam ka auna a hankali.

Mai Atamfa:
Baba mun gode, Allah ƙara lahiya. Na karanta duka har da rigimar kari wadda ta cinye mana rabin zance. Direba ban musa maka ba, iyaka ta karya mu. Amma iyaka ba a hannuna take ba, ƙofar shagona ita ce a gabana. Lokacin Maraɗi Kwalliya, bikin ranar Jamhuriya da anka yi nan garin a 2015, an yi mana kwalta mun yi murna, sai dai kwalta gudu ta ƙara wa moto, mai tahiya ƙasa bai samu inda zai raɓe ba. Na rage buƙatata, ga ta:

Ban ce a rufe kullum ba, ɗana,
Litinin da Juma'a nike nemawa.

Kamyo shi sauke kaya da asuba,
Kan hantsi shi fita, layi na buɗewa.

A dasa bedi, a kafa rumfa,
Da randar ruwa ga mai wucewa.

A ware fili a bakin layi,
Nan kabu-kabu za shi tsayawa.

Na ga Madina kusa da Harami,
Ƙafa kaɗai, shaguna na cikawa.

Mushe:
Alhaji na Madina ɗin nan ka duba shi da kyau, masallacin Manzon Allah (SAW) ne ke tara jama'ar, shaguna suna cin albarkacinshi. Mu mi za mu aje a layin da zai sa mutumin unguwar Burja ko Zariya shi wuce shagon ƙofar gidanshi shi taho? In akwai masu kilishi da fura da wurin zama bayan la'asar ƙila, in babu, layi ne kawai ba moto ba mutane.

Ɗan Kabu-kabu:
Filin da ka ce a ware mana, Alhaji,
Wa ke tsaron babur in na shiga?

Kuma kuɗɗin tsayawa aljihun wa za su fita? Ka amsa wannan tukuna in yarda.

Malam na Limanci:
"Shiga" ba ta amsa "wa" ba. Gyara ka sake turowa.