Me ya sa hukunci ke sauka kan ɗan wasa, ya tsallake masu kuɗi?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Na jima ina bibiyar wasannin jami'o'in Amurka, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Reggie Bush ya lashe kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan ƙwallon ƙafar Amurka na jami'o'i, a 2005 yana jami'ar USC da ke Kalifoniya, amma a 2010 ya mayar da ita, domin bincike ya nuna cewa shi da iyalinsa sun karɓi kuɗi da masauki daga masu neman zama dillalansa. A wannan shekarar ce kuma hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i, wadda ta yi wannan binciken, ta ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 10.8 da gidajen talabijin kan gasar ƙwallon kwando. Shin doka ce ke aiki a nan, ko kuwa kuɗi ne ke zaɓar wanda za a hukunta?

Dattijon Zaure:
Wa alaikumus salam, Malam. A ganina amsar tana cikin abin da ya faru a jami'ar Penn State. Tun a 2001 wani mataimakin koci ya kai rahoton cewa ya ga Jerry Sandusky, tsohon mataimakin kocin ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta jami'ar, yana lalata da wani yaro a wurin wanka na 'yan wasa, amma manyan jami'ar ba su sanar da 'yan sanda ba, aka yi shiru har shekara goma kafin a kama shi a 2011. Filin wasan jami'ar yana ɗaukar mutum fiye da dubu ɗari, kuma duk wanda ya san abin da cikar wannan fili ke kawowa zai gane dalilin da ya sa aka fifita sunan ƙungiya a kan mutuncin yara. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne daren da aka kori babban kocin ƙungiyar, Joe Paterno, saboda wannan lamari, ɗalibai suka fito zanga-zanga har suka kifar da motar 'yan jarida, kuma don kocin suka fito, ba don yaran ba. Daga baya an ci tarar jami'ar dala miliyan 60, amma ihu ne bayan hari.

Uwar Ɗalibai:
Baba, na yarda da kai, sai dai zan ƙara cewa masu kuɗin ma ana kama su, hukuncin ne ba ya yi musu nauyi. A badaƙalar shiga jami'a ta 2019, jarumar fim Lori Loughlin da mijinta sun biya dala 500,000 don a shigar da 'ya'yansu mata biyu USC a matsayin 'yan wasan tseren kwalekwale, alhali ba sa wasan, hotonsu kawai aka ɗauka a kan na'urar atisaye. Ɗaurin wata biyu aka yanke mata. Ni dai ina tuna ɗalibin da ya yi shekaru yana fafutuka aka ba wata gurbinsa, wanda babu ko jarida ɗaya da ta san sunansa.

Mai Neman Sani:
Na gode, Hajiya. To ina 'yan siyasa suke a duk wannan?

Dattijon Zaure:
Suna nan tsundum, Malam. Jihar Kalifoniya ce ta fara yin doka a 2019 da ta ba ɗalibai damar samun kuɗi da sunansu, sauran jihohi suka bi sahu don kada a kwashe musu ƙwararrun 'yan wasa. A 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka yanke hukuncin da ya ba NCAA rashin gaskiya a shari'arta da ɗalibai 'yan wasa, a 2024 kuma aka mayar wa Bush kyautarsa. Har ila yau, farin jinin da koci ke samu a fili yana iya zama ƙuri'a: Tommy Tuberville, tsohon kocin jami'ar Auburn, ya ci kujerar sanata a Alabama a 2020 ba tare da ya taɓa riƙe wani muƙamin siyasa ba.