Masu tsoffin shaguna a ƙananan garuruwan Faransa, yaya kuka yi da gyara?

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga wani tsohon shagon yadi a wani ƙaramin gari a yankin Creuse, ƙasa shago, sama ɗakunan kwana, ya daɗe a rufe. Arharsa ce ma take ba ni tsoro. Niyyata in mayar da shi gidan zama gaba ɗaya, ni da iyali. Ban sa hannu a komai ba tukuna. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, don Allah ku faɗa mini abin da kuka gani da idonku, na dillali na riga na ji.

Baban Nana: Wa alaikumus salam ƙanena. Tunda ba ka sa hannu ba, gobe da safe ka wuce ofishin magajin gari, ka tambayi mai kula da tsarin gine-gine ko layin yana cikin waɗanda aka hana mayar da shagunansu gidaje. Yawancin garuruwa suna da kundin tsari da ake kira PLU, kuma wasu sun rubuta a ciki cewa ƙasan benen da ke babban titi dole ya zauna wurin kasuwanci, don kada tsakiyar gari ta mutu. Nawa tsohon shagon mahauci ne a Charente, kuma ya faɗa cikin wannan dokar. Ƙasan yanzu wata mai gyaran tufafi ce take haya, mu muna sama. Abin da ya ci mana kuɗi matakala ce. Mahaucin da iyalinsa ta cikin shago suke hawa sama, ba wata ƙofa. Sai da aka yanko siririn lungu daga jikin shagon aka fitar mana da ƙofarmu daban.

Idan layinku ba a hana ba, mayar da shago gida yana buƙatar takardar sanarwa, amsarta wata ɗaya. Da zarar za ka taɓa fuskar ginin ko bangon da ke ɗauke da nauyi, ya koma cikakken izinin gini. Ka ce wa noter, wato jami'in shari'a da ke rubuta takardun cinikin gida, ya rubuta a yarjejeniyar farko cewa idan izini bai fito ba, ciniki ya warware a mayar maka da kuɗinka. Kuɗin noter kansa a tsohon gini wajen kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari ne, ka sa shi a lissafi tun yanzu.

Maman Ilham: Yaya ya faɗi gaskiya, amma akwai wanda bai ambata ba. Malam, ka tsaya a bakin ƙofar shagon ka ɗaga kai. Idan kana hango tsohuwar majami'a ko wani ginin tarihi, to da wuya ba ka cikin da'irar mita 500 da doka ta kewaye ginin tarihi da ita, kuma duk abin da za ka yi wa gaban gidan sai ya bi ta hannun jami'in da suke kira ABF, mai kula da gine-ginen tarihi. Amsar takardar ma sai ta ƙara wata guda.

Mu tsohon kantin sayar da ƙusoshi da kayan noma muka saya. Maigidana ya so a cire gaban shagon na katako, a gina bango, a sa tagogin roba farare masu arha. Aka ce a'a. Katako za a sa, launin ma daga cikin waɗanda gari ya amince da su za mu zaɓa. Na ji haushi ƙwarai a lokacin, don kuɗin tagar katako ba wasa ba ne. Da kafinta ya kankare fentin, sai ga sunan mai kantin na farko a rubuce da ruwan zinare a ƙarƙashi, muka bar shi yadda yake. Ba zan ce na daina ganin an matsa mana ba, amma gidan ya fi kyau a haka, wannan kam na yarda.

Wanda bai zauna a shago ba ba zai gane matsalar gilashin gaba ba. Falonka a kan titi yake, duk mai wucewa sai ya leƙo, tsofaffin garin ma har su tsaya su dafa gilashi suna kallo, don sun saba tun suna yara. Ga mace mai son sakewa a gidanta abin ba daɗi. Mun ja bango na biyu daga ciki da ɗan rata, muka jera tukwanen fulawa a tsakani. Ya kare ido, ya rage sanyi. Wannan dabarar wata mai zanen gine-gine ta CAUE, ofishin ba da shawara kan gini, ce ta ba mu, kuma shawararsu kyauta ce, ka neme su a lardinku.

Magini a Limoges: Ni wannan sana'ata ce, bari in shiga ta wajen bango. Ɗan Damagaram, ka koma ka duba ginin ranar da ake ruwa, ka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ka shaƙa. Hanci ya fi takardar dillali faɗin gaskiya. Yawancin shagunan nan an yi musu kwaskwarima a shekarun 1960 da 1970: a shafe dutse da siminti, a rufe da katakon ado ko roba. Bangon dutse na da da farar ƙasa da yashi aka ɗaure shi, danshin da ya sha daga ƙasa ta jikinsa yake fitarwa. Siminti ya toshe hanya, sai ruwa ya yi ta hawa sama. Ka san yadda ake yaɓa wa ginin ƙasa siminti a Zinder, bayan 'yan damuna ka ga ya ɓanɓaro da rabin bangon? Abu ɗaya ne.

Akwai wani tsohon shagon takalma da muka yi aiki, daga waje fes. Da muka ɓalle allon jikin bango, dutsen baƙi ƙirin, farin gishiri ya feso a kai, ƙarshen gungumen da ke ɗauke da bene kuwa da yatsa nake dagule shi. Muka sassaƙe simintin duka, muka bar bangon ya sha iska tsawon bazara kafin mu yaɓe da farar ƙasa. Mai gidan ya ƙosa, yana ganin zaman banza muke. Danshin shekara hamsin ba ya fita a mako guda.

Sai ƙarfen da ke saman gilashin gaba. Da yawa ba shago aka gina su ba tun farko, daga baya aka fasa bango aka gitta ƙarfe, gaban benen duka a kansa yake zaune. A buɗe a ga ko tsatsa ta ci shi. Rufi da wannan ƙarfen su ne farko, kicin ya jira.

Baban Nana: Malam Magini ya tuna mini. Ginin da izininsa ya riga Yuli 1997 dole mai sayarwa ya ba ka takardar binciken asbestos, wani kayan gini na da mai cutar da huhu, su amiante suke cewa, sannan ɓangaren zama da aka gina kafin 1949 sai an duba dalma a fenti. Amma binciken sayarwa abin da ido ke gani kawai yake dubawa. Kafin a fasa akwai wani binciken daban. Namu a gam ɗin da aka liƙa tayil ɗin roba aka same shi, sai da aka kira masu lasisin cirewa.

Hajiya ta Normandi: Ni akasin taku ce, 'ya'yana. Tsohon gidan burodi na saya na buɗe wurin abinci. Duk inda jama'a za su shiga, dokar 2005 ta ce sai mai keken guragu ya iya shiga. Ƙofata tana da matakala biyu, gefen titin kuma siriri, ba inda za a shimfiɗa gangara. Sai da na nemi sassauci a rubuce, aka yarda da gangarar ɗauka-da-ajiye da ƙararrawa a bakin ƙofa. Bututun fitar da hayaƙin girki ma sai da ya haura har saman rufi saboda maƙwabta.

A ɗakin ƙasa muka tarar da tankin man ɗumama gida, ba a taɓa shi da kanka, kamfani ne ke zuƙewa ya yanka. A nan wajenmu kuma akwai wani naman gwari mai cin katako, mérule, ya fi son gidan da aka rufe babu iska. Allah ya tsare ni da shi, maƙwabciyata kam sai da ta sauke bene guda. Ku kuma lura da haraji: gyaran ɓangaren zama harajin TVA (wato VAT) kashi 10 cikin ɗari ne, na rage shan makamashi 5.5, na shago kuwa 20. Magininmu takarda biyu ya yi mana.

Tanderun ban rushe shi ba. Har yau akwai dattijon da ke shigowa ya nuna wa jikokinsa inda yake karɓar burodi yana yaro, daga nan ya zauna ya ci shinkafa da miyar gyaɗa.

Ɗan Maraɗi: Ni dai ban yarda komai sai an kira ma'aikaci ba. Rushe-rushen da ba na bango mai nauyi ba, fenti, shimfiɗa katakon ƙasa, duk ni da abokaina muka yi a ƙarshen mako. Wayar wuta ce na bar wa masu ita, don tamu an yanke ta tun da daɗewa, kuma ba a mayar maka sai Consuel, masu tantance aikin wayar wuta, sun duba sun ba da takarda. Tallafin gwamnati na gyaran rage shan makamashi mai suna MaPrimeRénov' yana nan, amma sai ma'aikaci mai shaidar ƙwarewa ta RGE, kuma ka shigar da buƙata kafin a fara aiki, ba bayan an gama ba. Dokokinsa suna yawan canzawa, ka tambayi ofishin shawara na gwamnati, France Rénov' abin da ake ciki. Ka kuma tambaya ko garinku yana cikin shirin Petites Villes de Demain da aka fara a 2020 don garuruwan da ba su kai mutum 20,000 ba, wasunsu suna taimakawa da gyaran fuskar gini. Watan Agusta kuwa kada ka sa ran kowa, duk sun tafi hutu.

Magini a Limoges: Ɗan Maraɗi, fenti kam ka yi abinka, amma a tsohon gini ba kullum ake gane bango mai nauyi da ido ba. Siririn bangon da aka yi don raba ɗaki, bene yakan sauko a hankali ya zauna a kansa, ka cire shi ka ji sama tana ƙara. Duk wanda zai yi maka babban aiki ka nemi takardar inshorarsa ta shekara 10, ka duba ko irin aikin da zai yi yana rubuce a ciki. Kuma kafin a kawo ƙaton kwandon zuba ɓaraguzai ko a kafa ƙarafan hawa a titi, a nemi izinin magajin gari, a tambayi ranar kasuwa. Mu an taɓa sa mu kwashe namu da asuba don a nan mai cuku yake kafa rumfarsa.